Inda Kyaftin Ya Binne Ticha

Gandiroban da ke bakin ƙofa ya ɗaga murfin kwanon da kan sandarsa, ya leƙa, sannan ya tura shi gaban Rut ya ce ta ci. Dokar gidan yari ke nan. Duk wanda ya kawo wa ɗaurarre abinci sai ya fara kai loma bakinsa a gaban ma'aikaci, don kada a wayi gari da gawar da ba gwamnati ce ta yi ta da hannunta ba.

Rut ta san da dokar. Fasto Mark, mai shiga yi wa fursunoni addu'a, ya gaya mata tun ranar da ya nemo mata izinin shiga. Duk da haka ba ta taɓa abincin ba. Ta tsaya tana kallon tuwon dawar da ta tuƙa da sassafe, da miyar yakuwa da gyaɗa, kamar ba ita ta dafa ba.

"Madam, ka ci ko ka koma," in ji gandiroban. "Mutane na jira a bayanka."

A wajen mutanensu na kan dutse, wanda jini ya shiga tsakaninku da shi ba a haɗa kwano da shi. Ranar da aka haɗa, to an rufe maganar ke nan, babu mai sake tayar da ita, ko a gaban dattawa ko a bakin kabari. Tizhe, wan mijinta, ya yi ta nanata mata wannan tun daga Vimtim har cikin Mubi. Ya ce in ta kai wannan loma baki, ta sayar da jinin ƙanensa ke nan a kan tuwo. Ita kuwa ta ce masa jinin ai ƙasa ta daɗe da shanye shi, ƙasusuwan take nema. Amma bai koma ba. Ga shi can ƙetaren hanya a gindin darbejiya, shi da maza biyu na danginsu, da diga da shebur a jingine, suna jiran a faɗa musu inda za su haƙa.

Ta gutsuri tuwon, ta dangwala miya, ta haɗiye ba tare da ta tauna ba. Gandiroba ya mayar da murfi, ya buɗe mata ƙaramar ƙofa.

Aka zaunar da ita a kan benci a wani ɗaki mai warin danshi. Ruwan da aka yi jiya yana ta ɗiga daga rufin kwano cikin wani gwangwani. Aka ce ta jira a fito da Vandi, mutumin da ta kawo wa abincin.

Duk Mubi babu wanda bai san Vandi ba. Yaro ne mai bin awaki a gindin dutse lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke, ya bi motar ɗaukar soja ba tare da ya sallami uwarsa ba. Bai dawo ba sai bayan an yanke Jihar Gongola, sa'ad da ake rage sojoji. Ya dawo da igiya uku a hannu, da tabo a wuya, da muryar da in ya yi tsawa a wannan bakin kasuwar shanu sai a ji a wancan. Saje ne ya fita, amma da aka buga gangar siyasa masu yi masa kirari suka mai da shi Kyaftin, shi kuma bai gyara musu ba. Ya zama kansila, daga nan ya tafi majalisa a Yola. Ya gina gida a Nassarawo, ya sayi Fijo, ya koma sa babbar riga. Takalmin soja ne kaɗai bai yar ba. Sai ka ga malum-malum tana jan ƙasa, a ƙarƙashinta ga baƙin takalmi yana taka mutane.

Kada a ci haƙƙinsa, ya yi aiki. Ya sa kwalbati, ya ja famfo zuwa unguwa biyu ko uku, ya samar wa 'ya'yan mutane aikin masinja. Amma ya tara tsofaffin sojojin da aka sallama ba sana'a, yana ciyar da su a ƙofar gidansa, kuma bindigogin da ya baro bariki da su bai taɓa mayar wa mai su ba. Mutane sun sani. Sun sani sarai, suna cin tuwonsa suna kawar da kai, kuma irin wannan kawar da kai ba ya tafiya a banza.

A zaɓen tamanin da uku aka ɗora Kalibu, mijin Rut, a kan akwatin ƙuri'a na Vimtim. Malamin firamare ne, kowa Ticha yake ce masa, mutum mai taurin kai a kan ƙananan abubuwa, irin wanda zai dawo da yaro daga bakin hanya don ya share allo. Da yamma a-kori-kurar Kyaftin ta zo ɗaukar akwati, wai za a kai gari a ƙirga. Kalibu ya ce duk inda akwati za shi, shi ma can za shi. Ya hau baya ya zauna a kansa. Matan da ke dawowa daga gonar gyaɗa sun gan shi da farar rigarsa, ya dafe hularsa da hannu saboda iska. Ganin ƙarshe ke nan.

Kyaftin ya ce a mararraba ya sauke shi. 'Yan sanda suka ce babu gawa, babu ƙara. Can sai wata magana ta fito daga ƙofar gidan Nassarawo, wai an ga Ticha a Kamaru da wata mai burkutu. Maganar nan ta fi mutuwar zafi, don ta zauna. Dattawan coci suka ce ba za su yi wa wanda ƙila yana raye jana'iza ba. Dattawan gida suka ce ba a zaman makoki sai da kabari. Rut ta zama ba matar aure ba, ba gwauruwa ba. A zumuntar mata in an ce gwauraye su tashi a yi musu addu'a, sai ta rasa ko ta tashi ko ta zauna, ta tsaya rabi da rabi, dafe da benci. 'Yarta Margret ta daina zuwa makarantar da ubanta ya koyar saboda bakin yara. Tsohuwar uwar Kalibu kuwa kullum tana share ɗakinsa, in ta ji ƙararrawar keke sai ta fito da sandarta, tana zaton shi ne. Ita kanta Rut sau nawa ta bi ƙeyar wani mai farar riga a kasuwa har ya waiwayo?

Shekarar ba ta ƙare ba soja suka karɓi mulki, majalisa ta watse. Kyaftin ya dawo gida, rijiyar da yake ɗiba ta ƙafe, ga ƙarti a ƙofar gida da ciki da bindiga. Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar malamin duba. Aka fara tare fatake a hanyar kan iyaka ranar cin kasuwar shanu. Aka yi ta yi, har ranar da suka harbe wani dillali, Alhaji Bobboi, wanda ke da 'yan'uwa a inda ake jin magana. Aka bi sawu, aka yi musayar wuta. Ɗaya daga cikin yaran ya faɗi sunan ubangidansa kafin ransa ya fita. Aka tono bindigogi a ƙarƙashin akurkin kajin gidan Nassarawo. Kotun 'yan fashi a Yola ta yanke masa hukuncin harbi, aka ce a mayar da shi garinsu a yi a gaban mutanen da ya wakilta. Gobe da safe ne.

Duk tsawon shari'ar ba a ambaci sunan Kalibu ko sau ɗaya ba. Waɗanda ke cikin a-kori-kurar ran nan, ɗaya shi ne wanda harsashi ya kashe, ɗayan ya haye Cadi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Saura mutum ɗaya a duniya da ya san inda Ticha yake kwance, shi ma rana ɗaya ta rage masa. Matansa sun kwashe kaya tun da aka kama shi, 'yan'uwansa sun ce ba su san shi ba. Babu mai kawo masa abinci. Ta wannan ƙofar Rut ta shigo.

Ta ji ƙarar marin ƙarfen da ke ƙafarsa kafin ta gan shi. Da ya shigo sai da ta sake dubawa. Ya tsufa tun kafin lokacinsa, ya ƙanƙance cikin gajeren wando, kai fari fat, ƙafafu ba takalmi, yatsun a tanƙware kamar na wanda bai saba taka ƙasa ba. Tabon wuyan ne kawai bai canja ba. Ya gaishe ta da yarensu, gandiroban da ya rako shi ya buga sanda a ƙasa ya ce a yi Hausa kowa ya ji.

Vandi ya dubi kwanon, ya dubi Rut, ya daɗe. Ya gane ta. Sannan ya juya ga gandiroba.

"Ya ci?"

"Ya ci mana. A gabana."

Ya zauna a ƙasa, ya jawo kwanon. Ya san abin da lomar nan take nufi, ɗan dutse ne shi ma. Ya fara ci, ci irin na soja, da sauri, kai a sunkuye, hannu ɗaya ya kare kwanon kamar za a ƙwace. Rut ta zuba masa ido har ya suɗe. Ta yi zaton in ta gan shi a haka zuciyarta za ta yi sanyi ko ta tafasa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana nan dai kamar dutsen niƙa.

Da ya gama sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa. Ya gyara zama ya fara jawabi. Maƙiya ne suka yi masa ƙulli, wai, mutanen da ya ɗauko daga bola ya mai da su mutane. Ya lissafa kwalbatocinsa. Ya ce shekarunsa na ƙuruciya ya ba ƙasar nan a daji, yana cin ɗanyen rogo, yau ga sakamako. Rut ta bar shi har iskar ta fice masa. Da ya yi shiru, sai idonsa ya koma kan bangon da ke bayanta, yana bin sa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai duba fareti.

"Suna zuwa, matar Ticha," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ko da rana. Su yi layi a jikin bango, ba su magana. Ni ne saje, ni ya kamata in kira suna a sallame su. Amma ban san sunansu ba."

Rut ba ta waiwaya ba.

"Onarabul," ta ce, don bakinta bai san wani sunan da zai kira shi da shi ba, "na ci, ka ci. Magana ta ƙare, ba ni da ƙara a kanka, 'yata ma ba ta da ita. Abu ɗaya na zo nema. Ina ka sa shi?"

Ya rufe ido. Gwangwanin nan yana ta karɓar ɗigon ruwa. Gandiroban ma ya daina kaɗa sandarsa.

Da ya fara magana ba ta jawabi ba ce. A hankali yake fitar da ita, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ya ce a bayan makaranta ne. Farar riga gare shi, da alli a aljihu. Bai gudu ba, bai yi kuka ba, ya dai yi ta cewa shi ticha ne, bai taɓa riƙe bindiga ba. Suka bi da shi ta bayan azuzuwa, suka wuce coci, suka gangara wajen ruwa.

Rut tana bin sa taki-taki a cikin kanta. Makarantar Vimtim, ga azuzuwan, ga cocinsu, ga gangaren da ke sauka mayo, rafin da take wanki. Ashe duk shekarun nan tana shanya zannuwa kusa da shi. Ta dafe benci da hannu biyu.

"Ya roƙi ruwa, na ba shi a gorana," in ji Vandi. "Wannan dai na yi. Sannan ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya wa matarsa kada ya jira shi. Ya ce a kula da yarinya."

Hawayen da ta hana kanta tun ranar zaɓe suka ɓalle. Ba ta share ba. Ta tambaye shi wace alama za a nema a wurin, don maza suna waje da kayan haƙa.

Ya ce wurin ba ya ɓata. Jar ƙasa ce mai laushi, shebur ma ya isa, ba sai da diga ba. In an wuce gonar rogo akwai bishiyoyin kwakwar manja sun yi duhu, har rana ba ta taɓa ƙasa. A gindin wadda igwa ta fille wa kai, nan ne.

Rut ta ɗago. Ƙasar Vimtim tsakuwa ce da dutse. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin bishiyar manja a tsaye ba, sai dai manjan a kwalba. Igwa kuwa, wace igwa?

"Har sunanka ya kira," Vandi ya ci gaba, idonsa a rufe, fuskarsa ta saki kamar ta wanda ya sauke kaya. "Sau biyu, don kada in manta. Ban manta ba. Uloma."

Ta san irin sunan. Matan Ibo masu sayar da busasshen kifi a kasuwa, irin sunayensu ke nan.

Ta sauko daga benci ta durƙusa a gabansa, har tana jin warin jikinsa. Ta ce masa sunanta Rut. Ta ce Kalibu take tambaya, na Vimtim, wanda ya zauna a kan akwatin ƙuri'a a bayan motarsa, ba wani na lokacin yaƙi ba. Ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da yare, gandiroba bai hana ta ba.

Ya buɗe ido. Ta bincika fuskarsa tana neman izgili, don da ta samu da ta san abin da za ta yi da shi. Babu. Tsoro ne kawai, da ƙoƙari, irin na yaron da aka tsayar gaban allo.

"Akwatin na tuna," ya ce. "Na ƙarfe. A mayo muka jefa." Ya dafe goshi. "Wanda yake kai... Tsaya. Akwai gindin dutse, hanyar kan iyaka. A'a, wannan bafatake ne. Akwai tsohuwar rijiya." Ya girgiza kai. "Na rijiya ina jin dogo ne. Mijinka dogo ne?"

Bai jira amsarta ba.

"Da biyu ne tichan?" Ya juya yana duban bango, yana bin layin da shi kaɗai ke gani, leɓunansa na motsi. "Wallahi ɗaya nake gani. Ɗaya ne mai farar riga."

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Ya kama shi a damtse ya miƙar. A bakin ƙofa Vandi ya turje, ya waiwayo, ya roƙe ta da girman Allah ta isar da saƙon, don shi ya ɗauke shi ya gaji, kuma gobe ba shi da inda zai ajiye. Ta tambaye shi sunan garin. Ya ce garin da suka kama ne bayan sun haye gada, duk garuruwan sunansu iri ɗaya ne a kunnensa. Ƙarar mari ta yi nisa, wata ƙofa ta rufe.

A waje rana ta fito, ƙasa na tururi. Tizhe ya hango ta ya miƙe, sauran biyun suka ɗauki kayan aiki. Ya tsallako hanya, ya dubi jajayen idanunta, ya cire hula.

"Maman Margret, ya faɗa?"

"Ya faɗa, Yaya."

"Ina ne?"

Tana iya cewa gangaren mayo. Da sun je sun haƙa, ko ba a sami komai ba dattawa sa ce ruwa ya tafi da shi, a tara duwatsu, a yi makoki, tsohuwa ta daina fitowa in ta ji keke. Kalma biyu ce kawai. Amma Kalibu ne, mutumin da ya hau bayan mota don kada a taɓa akwatin da ba nasa ba.

"Ba namu ba ne," ta ce. "Na wata ne."

Tizhe ya daɗe yana kallonta. Bai tambayi ko ta ci tuwon ba, ya ga amsar. Ya mayar da hularsa, ya karɓi digar daga hannun ɗan'uwansa ya saɓa a kafaɗa, suka kama hanyar tasha.

Hanyar ta bi ta gefen filin da za a yi abin gobe. An riga an kafa turke, wasu fursunoni suna cika durom da yashi, masu talla sun fara zagayawa suna zaɓen inda za su kasa kaya. Mazan suka rage tafiya suna kallo. Rut ba ta juya ba. Tana tafe leɓunanta na motsi, Tizhe ya ɗauka addu'a take yi, ya ja baya kaɗan ya ba ta wuri.

Bayan makaranta, a wuce coci, a gangara wajen ruwa. Gonar rogo. Gindin wadda aka fille wa kai. Kada ta jira shi, a kula da yarinya. Uloma. Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko, don daga gobe da hantsi, duk faɗin ƙasar nan, ita kaɗai ce za ta sani.